Shekarar da Ciyawar Babban Fili Ba Ta Kama Ba

Ku ajiye ƙwallon nan tukuna, ku ja benci ku zauna. Na ji abin da Bukar ya faɗa kuna sauka daga keke, wai aikin da Baba Maina ya yi a Legas ai yankan ciyawa ne, ko tumaki aka saka za su yi. Ban ji haushi ba. Ranar da aka je nema mini aure ma, da aka gaya wa mahaifin yarinyar sana'ata, cewa ya yi, “To, in ya yanka, dabbobin wa yake kai wa?” Shekara ashirin da tara na yi ina kula da ciyawar babban filin ƙwallo na ƙasa. Tunda ku 'yan ƙungiyar Dogo Nini kun ce in zo in duba muku filinku, gara ku fara jin irin aikin, don kada mu je can in faɗi abu ku ɗauka rigimar tsufa ce.

Ni a Yindiski ta Potiskum aka haife ni, gero da wake muka tashi muna nomawa. Da na kai shekara ashirin da biyu na fara bin motar shanu zuwa kudu. Aikinmu zama a saman katako, ido a kan shanu, duk wadda ta durƙushe a sauka a tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. A tafiya ta huɗu wani bijimi ya matse ni da jikin mota har haƙarƙarina ya tsage. Da muka isa Legas na ce ba ni komawa. Wani dillali ɗan garinmu, Alhaji Gambo, ya ajiye ni a kara, wato kasuwar shanu ta can, ina shara da ba da ruwa.

Taki ne ya kai ni filin wasa. Wata safiya aka turo tifa daga can, ana son kashin shanu. Masu lodi suka kwaso na ranar, ɗanye, har yana tururi. Na ce da direba wannan ba zai yi ba, ya ce shi dai kashin shanu aka ce masa. Aka sa ni cikin masu rakiya don saukewa. Ranar na fara ganin filin. Ba a daɗe da buɗe shi ba, fentinsa bai ko dushe ba, ga turakun fitila huɗu da suka fi duk wata hasumiya da na taɓa gani tsawo. Amma ni ƙasa na tsaya ina kallo. Ban taɓa ganin ciyawa ta kwanta haka ba, kamar an shimfiɗa darduma guda daga wannan gefe zuwa wancan.

Wani gajeren dattijo mai malafa ya zo ya cusa hannu cikin lodin, ya zare da sauri, ya hau direba da faɗa da Yarbanci. Sunansa Baba Lamidi, shi ne shugaban masu kula da fili. Na ce da Hausa, ba don ina zaton zai ji ba, “Ai na gaya musu. Wannan ƙone shuka zai yi.”

Ya juyo ya dube ni. Ashe ya yi zaman Gusau yana yaro, Hausarsa ma ta fi tawa fita.

“Kai wa ya koya maka?”

“Gonar babana, Baba.”

“Ina za a samu mai kyau?”

“Akwai tsohon juji a bayan kara, ya shekara biyu. Ya yi baƙi, in ka damƙa sai ya rududduge.”

“Koma da su ka kawo mini shi. In ya yi yadda ka ce, gobe ka zo da wandon da ba ka so.”

Wata uku na farko ban taɓa injin yankan ciyawa ba. 'Yar wuƙa ya ba ni da bokiti, ya ja igiya biyu daga wannan raga zuwa waccan, tsakaninsu taku biyu, ya ce in bi da rarrafe. Ciyawar filin kiri-kiri ce, wannan dai da kuke gani tana yaɗo a bakin famfo. Abar da ba a so ita ce aya-aya. In ka tsinke ganyenta ka bar ƙwayar a ƙasa, kwana biyar ta dawo har da 'ya'ya. Da yamma Baba Lamidi zai juye bokitina a kan siminti ya tona da sanda. “Ganye goma, ƙwaya shida. Ina huɗun, ɗan Potiskum?” Sai in koma nemansu. Gwiwoyina sun yi kanta kamar na raƙumi. Amma da na gama wata ukun nan, ko ido aka rufe mini na san inda filin yake riƙe ruwa, na san inda yake saurin bushewa, na san inda bututu ya bi ta ƙarƙashi.

Injin yankanmu na turawa ne, wuƙaƙensa a murɗe a jikin gangar ƙarfe, da wata 'yar rola mai birgima tana danne ciyawa a baya. Kafin a shiga da shi fili sai an gwada kaifinsa da takarda. In ya yanke ta fes, to. In ya tauna ta, a mayar da shi rumfa a wasa, don wuƙa mai dakushi ba yanka take ba, fizga take, kwana biyu bakin ciyawar ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Tsawon da ake bari bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma ba a rage da yawa a rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake sauko da ita. Waɗannan ratsin da kuke gani a talabijin, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, har kuna gardama wai fenti ne, ba fenti ba ne. Rolar nan ce ke kwantar da ciyawa, ka tafi gabas ta kwanta gabas, ka dawo yamma ta kwanta yamma. Shi ke nan. Amma mai turawa sai ya kafa ido a kan abu ɗaya can ƙarshen fili. Ya kalli ƙafarsa sau ɗaya, layi ya karkace.

Sai fok, ƙarfe mai yatsu huɗu, tsawonsa zuwa ƙugu. Bayan kowane wasa ƙasa takan daddage saboda taku, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta numfashi. Mu jera mu goma, a soka, a ɗan jijjiga, a zare, a matsa rabin taku. Fili guda kwana biyu. Sannan a zuba yashi mai laushi a bi da manjagara har ya cike hujojin. Ban-ruwa kuwa da sassafe ake yi, kafin rana ta ɗaga. In ka ba ta da tsakar rana rabi ya tashi sama, in ka ba ta da yamma ta kwana a jiƙe ta kamu da ciwo. Baba Lamidi ba ya tambayarka ko ka ba da ruwa. Wuƙa zai soka ya zaro ya duba inda laima ta tsaya.

Ranar da aka fara ba ni zanen layi ba zan manta ba. Farar ƙasa ake damawa da ruwa, a ja igiya ta yi tsam, a bi da burushi. Na zana da'irar tsakiya da turke da igiya mai yadi goma, na auna yadi goma sha biyu na sa ɗigon fenareti, komai daidai. Da na zo dogon layin gefe, igiya ta jiƙe ta saki, ni kuma ban sake ja ba. A ƙasa ba ka ganin komai. Baba Lamidi ya kama hannuna muka hau matakala har kujerar ƙarshe ta sama. Daga can sai ga layina ya yi ciki kamar baka.

“Mutum nawa ke zama a nan?” in ji shi.

Na ce ban sani ba.

“Ni ma ban ƙirga ba. Amma kowannensu ido biyu gare shi. Sauka ka wanke.”

Masu cin aikinmu iri-iri ne, kuma kowa da abin da yake so. Koci in 'yan wasansa masu gudu ne, zai zo jajibiri ya ce a aske ciyawa ƙasa-ƙasa, a yayyafa ruwa kafin a fara don ƙwallo ta yi sulɓi. In baƙin ne masu gudu, sai ya ce a bar ta ta yi tsawo, kada a ba ta ko ɗigo. Gola shi ne babban abokin faɗanmu. Yana shiga zai sa dunduniya ya karce layi daga tsakiyar raga don ya san inda yake, wurin da ka yi wata guda kana lallaɓawa. Masu ɗaukar hoto su dai kore suke so. Alƙalin wasa zai zo da awo ya gwada tsawon raga, ya ja zaren ragar da yatsa, ya tafi ba sannu. Akwai kuma waɗanda ke zuwa da abu a ƙunshe cikin aljihu. Wani ya taɓa tare ni bayan rumfar kaya, ya ce ɗan rami kawai yake so a bakin ragar arewa, kamar zurfin hannu, zai sa wani abu in mayar da ciyawa. Na ce masa ni ban san abin da ke cikin ƙunshinsa ba, amma na san ramin da aka tona yau ba ya daddagewa gobe, kuma golanmu ma zai tsaya a ragar nan rabin lokaci. Ya zage ni da yaren da ban ji ba, ya wuce.

A shekarun nan filin yana cikin ganiyarsa. Duk babban wasan ƙasa nan ake yi, duk wasan ƙarshe na kofi nan ake kawowa. Tun hantsi kujeru suke cika, wasa kuwa sai la'asar. In 'yan wasanmu suka ci, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, ruwan da ke cikin bokiti ma sai ka ga yana motsi. Ni ban cika kallon ƙwallon ba. Ina zaune a kusurwa da fok da bokitin yashi, ina lura da inda aka yi tsalle da inda aka ja ƙafa, don da an busa hutun rabin lokaci minti goma sha biyar kawai gare mu mu mayar da duk abin da aka ɓamɓaro.

Da Baba Lamidi ya yi ritaya ya koma garinsu, ni aka ba shugabanci, da mutum tara a ƙarƙashina. A damina ta biyu da riƙona ne muka shiga shekarar da nake so ku saurara da kyau.

An ba wasu mutane filin su yi babban taro na kwana uku. Na je wajen jami'in da ke samanmu, wanda muke kira Oga, na ce a yi taron a wajen ciyawa, ko a shimfiɗa katako. Ya ce umarni daga sama ya zo, ba ni ba, ba shi ba. Manyan motoci suka shigo har tsakiyar fili da ƙarafan dandamali. Aka kafa janareto a gefen hagu, kusa da yadi na sha takwas na ragar kudu. Kwana ukun nan kuwa kullum sai an yi ruwa, mutane dubbai suna tsalle a kai. Da aka kwashe kaya na shiga, sai na ga kamar bakin tafkin da garke ya sha ruwa. Sawun taya har rabin ƙwauri. Inda janareto ya zauna man dizal ya zuba ya jiƙa ƙasa, faɗin ɗaki guda, ko tsiro babu.

Saura kwana ashirin da huɗu ƙasarmu ta kara da wata maƙwabciyarmu, wasan da in an faɗi an fita daga gasa. Kwana shida kafin wasan masu duba fili za su zo daga waje. Oga ya ce in suka ƙi filin, wata ƙasa za a kai wasan, kuma kafin a kore shi zai tabbatar mu goman nan mun riga shi fita ƙofa. Kiri-kiri kuwa in ka dasa ta, tana son mako shida kafin saiwarta ta kama ƙasa sosai.

Abin da ya cece mu na farko shi ne wani ɗan gandu da Baba Lamidi ya bari a bayan fili, inda yake renon ciyawar ajiya. Mutane suna ta yi masa dariya a da, wai yana noma abin da ba a ci. Muka yanka ta fala-fala da shebur, kowane yanki kamar faɗin faifai, da ƙasarsa a jiki. Ba ta rufe ko rabin ɓarnar ba. Na zaga makarantu, wani shugaban sakandare ya yarda muka ɗebi ta gefen filinsu. Na je kara wajen Alhaji Gambo, lokacin ya tsufa, yana zaune a kan buzu. Na gaya masa halin da nake ciki.

Ya ce, “Maina, ni ban taɓa kallon ƙwallo ba. Amma in aka ce ɗan Potiskum ya kasa, da ni ake.”

Washegari tifa uku na tsohon taki suka iso, da samarin kara goma sha biyu da ya turo su taya mu. Yashi ma sai da muka yi hattara, don na bakin teku gishiri gare shi, sai muka sa aka kawo na rafi daga nesa. Daga sallar asuba har faɗuwar rana muna cike sawu, muna daidaita ƙasa da dogon katako, muna jera ciyawa kamar masu jera bulo, ana bi da rola. Ikon Allah, ruwan sama ya yi mana adalci, yana sauka kaɗan-kaɗan. Cikin mako biyu fili ya fara haɗewa.

Wurin dizal ne ya ƙi. Mun haƙe ƙasar zuwa gwiwa mun zuba sabuwa, mun dasa, kwana biyar ciyawar ta yi ja ta mutu. Ashe man ya bi ƙasa fiye da inda muka tsaya. Muka sake haƙawa har ƙugu, muka sake dasawa. Lokacin saura kwana tara. Na fere tsinken gora na kafe kowane yanki don kada ya motsa, na danna kawunan cikin ƙasa.

Masu dubawa suka zo su biyu. Suka gangarar da ƙwallo a tsakiya, suka buga ta sama suka ga yadda take tashi, suka danna dunduniya a bakin raga biyu. Wurin nan kuwa kore shar, ya fi ko'ina kyau a ido, saboda takin da ya sha. Ba su taka shi ba. Suka sa hannu suka tafi.

Ana gobe wasa na je na kama ciyawar wurin na ja. Ta ɗago kamar tabarma. Na sami Oga a ofis na ce, “Oga, wurin nan bai kama ba. A bar ni in kwashe ciyawar, in zuba jar ƙasa da yashi in daɓe. Zai yi muni a ido, amma ƙafa ba za ta zame ba.”

Ya ce, “Jan tabo a filin ƙasa, duniya tana kallo a talabijin? Masu dubawa sun ce ya yi. Kai ka fi su sani?”

“A wannan wurin na fi su, Oga.”

“A bar shi kore. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa.”

Na ce to. Abin da na faɗa ke nan, to. Kocinmu yana filin a yammacin nan, taku talatin tsakanina da shi, ban je na gaya masa ba. Na ƙara tsinke, na bi da rola sau biyu, na tafi gida.

Rabin farko lafiya. An taka wurin sau da yawa, amma a miƙe, ba a juya a kai ba. A hutu na je na danna gefen da ya ɗan ɗago. Bayan an dawo, ɗan gaban baƙi ya taho da gudu ta gefen nan, mai tsaron bayanmu mai lamba uku ya tare shi. Baƙon ya yanke ciki, namu ya kafa ƙafar dama zai juya. Ciyawar ta tafi da ƙafar, jikinsa ya tafi wani wajen. Ina kusurwa, na ga gwiwar ta lanƙwasa ta inda gwiwa ba ta lanƙwasawa. Aka fitar da shi a kan makara ta masu jinya. Kafin a ci gaba na shiga da gudu na mayar da yankin na danna da ƙafa, alƙali yana yi mini alama in yi sauri.

Mun ci wasan. Jaridu suka yabi filin, aka ba mu takardar yabo, Oga ya sa ta a gilashi. Mai lamba uku bai sake buga wa ƙasa ba. An ce tsautsayi ne, ba wanda ya tambaye ni komai. Daga ranar na kafa wa kaina doka: duk wurin da bai kama ba, kwashewa nake in daɓe, kowa ya ce me zai ce. Sau biyu aka ba ni takardar gargaɗi a kan haka.

Bayan wasu shekaru aka gina sabon filin ƙasa a Abuja, manyan wasanni suka koma can. Namu ba a rufe shi ba, an dai daina tunawa da shi. Injin ruwa ya lalace, aka ce ana jiran kayan gyara. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, daga mu goma muka koma mu uku. Fitilun nan huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Masu sayar da abinci da abin sha suka cika harabar waje, ciki kuwa bishiya ta fara tsirowa a tsagar matakala. Muna jan ruwa da jarka a baro muna ba bakin raga biyu da tsakiya, sauran muka bar wa Allah da damina. Aya-aya ta cinye gefen gabas. Gara ta yi ramuka, ɓeraye suka ƙara nasu. Ƙananan ƙungiyoyi ne kawai ke zuwa atisaye.

A shekarata ta ƙarshe, wata safiyar Asabar, ina cike wani rami sai ga motar haya ta sauke wata ƙungiya, su kamar ashirin. Kocinsu mai jiki ne, furfura ta fara fito masa, yana jan ƙafar dama. Bai bari sun shiga ba. Shi kaɗai ya tako, bai nufi tsakiya ba, ya miƙe zuwa gefen hagu na ragar kudu ya tsaya yana kallon ƙasa. Tun daga tafiyar na gane shi, mai lamba ukun nan ne. Na ajiye shebur na je.

Ya gaishe ni da Hausa, ashe a barikin Kaduna ya girma. Ya ce, “Baba, ka daɗe a nan?”

“Na daɗe.”

“Wa ke riƙe da filin nan shekarar da aka yi taro aka ɓata shi?”

“Ni ne. Ni na dasa wurin da kake tsaye.”

Ya dube ni sosai. “Likitoci sun ce takalmina ne. Wasu sun ce asiri aka yi mini. Ni kuwa na san ƙasa ce ta gudu a ƙarƙashina. Shekara goma sha biyar ina faɗa, ana cewa ina neman abin fakewa.”

“Ƙasa ce. Kwana tara da dasawa, ba ta kama ba.”

“Ka sani kafin wasan?”

“Na sani.”

“Ka faɗa?”

“Na faɗa wa mutum ɗaya. Ya ce in yi shiru, na yi shiru. Kocinku yana nan, ban je wajensa ba. Wannan laifina ne, ba na wani ba.”

Ya mayar da ido kan wurin. 'Yan wasansa suna bakin layi suna jira, wani yana ta buga ƙwallo a ƙirji. Na tsaya ina jiran duk abin da zai biyo baya, zagi ko mari, don ya cancanta ya yi. Sai ya goge fuska da tafin hannu, ya ce, “Aƙalla yau na ji daga bakin wani. Ashe ban haukace ba.”

Ya juya ya kalli filin, duk faci-faci, rabi ciyawa rabi ƙasa.

“Yanzu wurare nawa ne irinsa a nan?”

“Irinsa babu. Amma ramin gara da na ɓera akwai, wasu ciyawa ta rufe su.”

“Ka san su duka?”

“Na san su.”

Ya kira a kawo masa jakar robobin atisaye, waɗannan masu kama da mazurari. Ya rataya a kafaɗa, ya ce, “Muje, Baba. Kai a gaba.”

Muka bi filin daga wannan raga zuwa waccan, ina nunawa yana ajiye roba. Inda na yi shakka in danna da dunduniya, shi ma ya danna da ƙafarsa mai lafiya. Robobi goma sha ɗaya muka ajiye. Da muka gama ya tara 'yan wasansa, ya nuna ni, ya ce da su duk filin da suka je, kafin su gaida shugaban ƙungiya su nemi mai irin aikina su tambaye shi inda ba a takawa. Ya ce, “In ya yi shiru, ku sake tambaya.”

Sannan ya busa usur suka shiga, ni kuma na koma kan ramin da nake cikewa.